Kiɗan fim daga ƙasar Ringim: yadda nake sarrafa busar tagulla a kwamfuta

Sana'ata haɗa kiɗa ce, kuma ina yin ta a wani ƙaramin gari da ke ƙasar Ringim a Jihar Jigawa. Situdiyon ɗaki ɗaya ne na ƙasa da muka lulluɓe bangonsa da soso da tsofaffin barguna. Akwai kwamfuta, da fiyano ƙarama, da lasifika biyu, da sola a kan rufi domin wuta ba ta zama a wajenmu. Mu uku ne, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Da waƙoƙin biki da tallan 'yan kasuwa muka fara, amma yanzu abin da ya fi kawo mana abinci shi ne kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fina-finai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Darakta yana Kano, ya turo fim ta waya, mu mayar masa da sauti.

Magabatanmu a wannan harka da fiyanon Yamaha PSR suka yi suna, kuma sautin busar da ke cikinta siriri ne, ya dace da rawa. Yau kuwa darakta zai kira ya ce, “Maigida, inda mugun nan zai fito daga mota, a sa mini abin nan mai tayar da tsigar jiki.” Na san abin da yake nufi. Wani ruri ne mai kauri na kayan busa na tagulla, wanda ya cika tallan fina-finan Amurka tun bayan fim ɗin Inception na 2010, wanda Hans Zimmer ya yi wa kiɗa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan badujala a filin fareti ya san dangin kayan: turamfet, da turombon mai zugewa, da tuba, ƙatuwar nan da ake runguma.

Ba mu da ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin nan. Kamfanoni irin su Spitfire Audio na Landan, da Orchestral Tools na Balin, da Heavyocity na Niyok suna tara ƙwararrun mabusa a babban zaure su naɗi kowace murya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da matsakaicin ƙarfi, da kuma iya ƙarfin huhu. Sukan maimaita murya guda sau da yawa don kada kunne ya gane abu ɗaya ake ta maimaita masa. Da yawa daga irin waɗannan tarin sauti ana buɗe su ne a cikin Kontakt, manhajar kamfanin Native Instruments na Jamus, ni kuma in ɗora ta a kan FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita. Idan na danna fiyano, saƙon MIDI, wato bayanin abin da na danna, shi ne ke tafiya, ƙarfin dannawa daga 0 zuwa 127, sai manhajar ta zaɓo naɗin da ya dace. Akwai ɗan gargare a hagun fiyano, da shi nake hura wa sautin rai: in na tura shi sama, busar ta tashi daga gunaguni ta koma tsawa, har ka ji ƙarfen yana tsagewa.

Kuɗin waɗannan tarin sauti da dala ne, nauyinsu kuma gig goma-goma, saukar da su a ƙauye sai da tsakar dare. Yarana da na kyauta suka fara, wato BBC Symphony Orchestra Discover, kuma ina ganin ya ishi mai koyo.

Inda aikin yake shi ne kunnen da zai saurara. Waɗancan kamfanoni sinima suke tunani, mai lasifikan da ke girgiza kujera. Masu kallonmu kuwa a teburin mai shayi suke, mutum biyar sun sunkuya a kan waya ɗaya. Muryar tuba tana sauka ƙasa da hez 50 (hez shi ne ma'aunin kauri da sirantar sauti), lasifikar waya kuma ba ta iya fitar da wannan zurfin ko kusa. Abin da ya cika ɗakina da ruri, a waya sai ya zama shiru. Don haka nake ɗan ƙona sautin da gangan, in ƙara masa kaushi har ya haifi 'ya'yan murya a sama, inda waya ke iya kamawa. Kunne yana jin 'ya'yan sai ya cike uwar da kansa. Ina da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a gefen kwamfuta, ba na tura aiki sai na ji shi a cikinta. Sannan akwai magana. Turamfet tana zama daidai inda muryar mutum take fitowa fili, Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, in ka danne hawa da saukar muryar ɗan wasa ka ɓata ma'ana. Da zarar baki ya buɗe, sai in ja busar baya.

Wani abin da nake nanata wa yarana shi ne numfashi. Kwamfuta za ta riƙe murya har gobe, ɗan Adam ba zai iya ba. Nakan ce wa ƙaramin, “Auta, ja numfashi ka bi ta da bakinka. Inda ka gaji, nan za ka yanke.”

Akwai kuma abin da ba na yi ko nawa za a biya. Mu ma muna da namu ƙarfen mai tsawa, wato kakaki, wanda tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara amfani da shi. Na je har gida wurin wani dattijo mabushi na roƙe shi in naɗi busarsa. Ya dube ni ya ce, “Yaro, ka san wa ake yi wa wannan?” Na ce, “Na sani, Baba.” Ya yarda bisa sharaɗin ba za a sa ta inda za a wulaƙanta ta ba. Muryoyin kakaki kaɗan ne, amma in na ɗora turombon da tuba a ƙarƙashinsa a fitowar sarki, ba abin da na saya da dala da ke kama ƙafarsa. Wani darakta ya so in sa shi a shigowar shugaban 'yan daba, wai ya fi ban tsoro. Na ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri, kakaki na sarki ne. Duk Bahaushen da ya ji shi zai ɗauka mai martaba ne ya fito.” Na haɗa masa rurin Turawa zalla, ya karɓa, ko da yake ransa bai so ba.

Kafin babbar Sallah nake so in koma wurin dattijon da makirfo mafi kyau, in naɗi algaita da farai su ma, a fili a bayan gari, domin ɗakina ya yi wa kakaki kaɗan, bango yana dawo da sautin kafin ya gama buɗewa.