Yadda na sayi injin saƙa raket daga wani ƙaramin ɗan kasuwa a Duwala

Mu 'yan kaɗan ne masu buga tanis a Garwa, kuma shekaru da yawa idan tsirkiyar raket ta tsinke wa ɗayanmu, sai ya jira mai tafiya Yawunde ya ba shi saƙo, raket ɗin ta bi mota zuwa Ngawundare, ta hau jirgin ƙasa, ta dawo bayan mako biyu ko uku. Wannan jiran ne ya ishe ni, har na ƙudura sayen injin saƙa na kaina.

Injinan iri uku ne: mai lantarki, mai hannun juyawa, da mai sanda da dunƙulen ƙarfe, wanda nauyin ƙarfen ne ke jan tsirkiyar. Na zaɓi na ukun, ba don arha kaɗai ba. Mai lantarki yana da sauri, amma a garin da wuta ke ɗaukewa babu sallama, kuma zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ban ga wanda zai gyara mini shi ba idan wani abu ya ƙone a cikinsa. Shi kuwa mai sanda, muddin sandar ta kwanta daidai, to tsirkiyar ta ja gwargwadon kilon da aka saita, ko yau ko bayan shekara goma.

Wanda na saya a wajensa ba kamfani ba ne, mutum ɗaya ne da ƙaramin shago a Duwala, yana shigo da kayan wasanni jefi-jefi. Hotuna kawai na gani a WhatsApp, saboda haka kafin in tura ko sisi na roƙi kawuna da ke zaune a unguwar New Bell ya je ya duba. Ya kira ni daga shagon ya ce, "Ɗana, ƙarfe dai ga shi nan mai nauyi, amma ni ban san abin da ake dubawa ba." Na ce, "Kawu, ka ƙirga wuraren da ke riƙe raket, shida nake so, sannan ka matsa madamƙan nan biyu masu riƙe tsirkiya ka ji ko suna kamawa." Ya ƙirga, ya matsa, ya ce lafiya lau. Na biya rabi, sauran sai kaya sun iso.

Da kwalin ya iso tasha, na tarar gindin madamƙi ɗaya ya tsage. Ko a hanya ya faru ko tun a shago, babu mai iya rantsuwa, kuma laifina ne da ban sa an ɗauki hoton kowane ɓangare kafin a ɗaure kwalin ba. A nan ne na ga amfanin rabin kuɗin da na riƙe. Mutumin ya fara da cewa aikin direba ne, daga baya ya sauko, ya ciro madamƙi daga wani injin da ke shagonsa ya aiko mini, ko da yake sai da na yi sati uku ina kira. Da babban kamfani ne, da ya ba ni takardar garanti. Shi kuwa abin da nake da shi a kansa lambar waya ce da kuma kunyar kawu, wanda ke bi ta ƙofar shagonsa.

Raket ta farko tawa ce, mai layi 16 a tsaye da 19 a kwance, kuma ta cinye mini fiye da awa biyu da tsirkiya mita 12. Na saita kilo 24, amma da na buga sai na ji ƙwallo na tashi kamar daga kan katifa. Na zargi injin, har na fara rubuta wa mai shagon saƙo mai zafi, sai na tuna da ma'aunin rataye na wani maƙwabcina mahauci. Na ɗaura shi a jikin tsirkiyar na ja, ya nuna ƙasa da abin da na saita. Ashe ni ne nake karanta lambar daga gefen ƙarfen da ba shi ba. A injina, gefen da ke kusa da gindin sandar ake dubawa. Na goge saƙon.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne ƙurar hunturu. Tana shiga haƙoran madamƙan, ta haɗu da maiƙon tsirkiya, sai su riƙa sulluɓewa, mutum ya ƙara matsewa har ya ƙuje tsirkiyar. Yanzu duk bayan raket biyar ko shida ina wanke su da sipirit da tsohon buroshin haƙori, in lulluɓe injin da zane. Tsirkiya kuma na daina sayen ƙulli ɗaya-ɗaya, naɗi mai mita 200 nake saye, wanda ke saƙa raket 16 har da ragowa. Raket ɗaya ba ta kai mini awa guda yanzu, kuma makon jiya wani ya aiko da biyu daga Marwa.