Musun ƙwallon 'yan mata a garin Holland

Mako guda ke nan da dawowata Zariya, amma duk lokacin da na tsaya a bakin filin makarantarmu ina kallon ɗalibaina suna jefa ƙwallo a kwandon da ragarsa ta daɗe da yagewa, sai in riƙa jin muryoyin wasu tsofaffi da na baro a jihar Michigan ta Amurka suna tayar da jijiyar wuya a kan 'yan matan da ba su haɗa komai da su ba. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata. Ƙanena da ke aiki a wani kamfanin ƙera kujerun ofis a garin Holland shi ne ya matsa in je in ga jaririyar da aka yi wa mahaifiyarmu takwara, kuma da yake a watan Yulin 2025 bizar da ake ba yawancinmu ta koma ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, ban yi wasa da ita ba, na tashi a farkon Nuwamba.

Tarbar farko da na samu ba ta yi mini daɗi ba. A filin jirgin da muka fara sauka na faɗi gaskiya cewa akwai abinci a jakata, sai aka tura ni wurin wani jami'i wanda bai amsa gaisuwata ba, ya zazzage kayana kamar mai neman allura, ya ɗaga kilishin da na yi takanas aka kawo mini daga Kano da yatsu biyu, ya jefa shi cikin kwandon shara. Dokar ƙasarsu ta hana shigo da nama, wannan ban musa ba, sai dai yadda ya riƙa maimaita mini tambaya da ƙarfi kamar yana magana da kurma, alhali da Turanci nake koyarwa, shi ne ya tsaya mini a rai. Kuka da yaji da kuɓewa busasshiya ya shinshina ya mayar mini.

Daga Chicago na hau jirgin ƙasa na Amtrak mai suna Pere Marquette, wanda ke tashi sau ɗaya da yamma ya bi gefen Tafkin Michigan. Tafiyar kusan awa uku ce, amma agogo ya nuna huɗu domin an tsallaka zuwa wani yankin lokaci a hanya, abin da ya sa na zaci wayata ce ta rikice. Holland ƙaramin gari ne da baƙi daga ƙasar Holan suka kafa a 1847, kuma har yau sunayen mutane da na tituna na can ne. Washegari matar ƙanena ta dubi rigar sanyin da na zo da ita, wadda take isata a hunturun Zariya, ta yi dariya ta ce, "Yaya, wannan ai ta shan iska ce." Ta kai ni shagon gwanjo na samu babbar riga mai auduga a ciki a kan dala 12, na kuma yi yunƙurin neman ragi bisa al'ada, mai shagon ta dube ni da mamaki, sannan ta ƙara harajin kashi 6 cikin ɗari a kan kuɗin da ke rubuce. A ganina wannan rashin tsari ne: a rubuta maka farashi, ka ƙirga kuɗinka, sai a wurin biya a ce akwai saura. A tsakiyar garin kuma an shimfiɗa bututun ruwan ɗumi a ƙarƙashin titi da dakalin tafiya tun 1988, saboda dusar ƙanƙara ta narke da kanta. Na tsaya a kai na tuna layinmu da damina.

Maƙwabciyar ƙanena, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ce ta jawo ni cikin abin da ya cinye sauran kwanakina. Da ta ji aikina sai ta tafa hannu ta ce na zo a kan gaɓa, domin kakar ƙwallon kwando ta fara, kuma lallai in bi ta karin kumallo ranar Asabar. Na ɗauka gidan wata za mu je. Ashe wani ƙaramin gidan abinci ne inda ita da mijinta da abokansu suke da teburinsu na dindindin, daidai da majalisar mai shayi a wurinmu, sai dai a nan mata da maza ne tare, kuma ƙaraminsu ya haura shekara 65. Ana zuba musu gahawa ana ƙarawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, su kuwa ba su da zance sai na ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Kwalejin Hope da ke garin.

Sai da mijin dattijuwar ya ɗauki takardar goge baki ya zana mini tsarin kafin na gane inda aka dosa. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta kasa makarantu gida uku. Rukuni na ɗaya shi ne wanda muke gani a talabijin, inda taurari irin su Caitlin Clark suka fito. A rukuni na uku, wanda Hope ke ciki, mai makarantu sama da 400, ba a ba ɗalibi ko sisin kwabo saboda wasa. Yarinya za ta biya kuɗin makaranta kamar kowa, ko ta samu tallafi saboda ƙoƙarinta a aji ko ƙarancin halin iyayenta, sannan ta yi atisaye da yamma. Kuɗin karatu a Hope ya haura dala dubu 40 a shekara, kuma da na buga shi a kan canjin naira dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu sai na ajiye cokalina. Ɗalibanta ba su wuce dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba, wato ba su kai wasu tsangayoyin Jami'ar Ahmadu Bello ba. Duk da haka matan nan sun ɗauki kofin ƙasa a 1990 da 2006 da 2022, kuma sun yi shekaru da dama suna kan gaba a rukuninsu wajen yawan 'yan kallo.

Musun ranar a kan Jami'ar New York ne, ita ma 'yar rukuni na uku, wadda ta ɗauki kofi a 2024 da 2025 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, wasa 31 a kowace kaka. Wani tsoho mai hular lemo, wanda daga baya na gane shi ne sarkin gardamar teburin, ya ce abin da ke ƙona masa rai shi ne 31 da 31 sun zama 62, alhali nasarori 61 a jere Hope ta yi kafin Jami'ar Trine ta tare ta a Janairun 2022. Wasa ɗaya tak aka fi su, kuma ya faɗe shi kamar an ci masa gona. Ya ce jami'ar da ke da ɗalibai fiye da dubu 50, wadda 'yan wasanta ke hawa jirgin sama zuwa wasannin rukuninsu, ba ta da hurumin kiran kanta ƙarama. Matarsa ta katse shi ta ce doka ɗaya ce a kan kowa, su ma ba sa biyan 'yan wasa, kuma idan yana neman wanda zai yi wa fushi ya yi wa annobar korona, domin a 2020 Hope ta ci wasa 29 ba faɗuwa aka soke gasar, a 2021 ma ba a yi ta ba. Nan teburin ya yi tsit na ɗan lokaci, kamar an ambaci mamaci. Daga nan aka koma kan ko New York za ta kamo nasarori 81 a jere da Jami'ar Washington ta St. Louis ta yi a zamanin da ta ɗauki kofi huɗu daga 1998 zuwa 2001, sai kuma sabon lissafin kwamfuta da ake amfani da shi wajen cike gurbin ƙungiyoyi 64 na gasar ƙarshe, wanda kowa a teburin ya zaga, ko da yake na lura babu wanda ya iya bayyana yadda yake aiki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suka san yaran. Sun san wadda ta kammala ta tafi karatun likita, da wadda ta yi jinyar gwiwa da bazara, da sabuwar da ta zo daga wata makarantar sakandare ta ƙauye wadda aka ce hannun hagunta ya fi na dama. Ba a buga wasa uku ba, amma mai hular lemo ya riga ya yanke hukunci cewa bana ba su da doguwar da za ta tsare ƙarƙashin kwando, dattijuwata kuma ta ce haka ya faɗa a shekarar da aka ɗauki kofi. A unguwarmu matasa na iya kwana a gidan kallo suna musu a kan wanda Arsenal ta saya, su faɗi albashinsa da sunan matarsa, amma a shekara goma sha huɗu da na yi ina kai yara gasar makarantu, ban taɓa ganin uba ko uwa goma a bakin fili ba. Kuma Zariya ba baƙuwar wasan nan ba ce, a nan Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, ya tashi, a nan kuma Koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa.

Da rana muka tafi zauren DeVos inda Hope ke wasanninta, wanda aka buɗe a 2005, mai ɗaukar mutum sama da 3,000. Kuɗin shiga bai kai na karin kumallon da muka yi ba, musamman idan aka haɗa da tukuicin mai kawo abinci, wanda a can ya zama kamar wajibi, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ni a sanina tukuici kyauta ce ta jin daɗi, idan aka ƙayyade shi ya tashi daga sunansa. Na sayi gugguru kawai domin ban yarda da naman da ake sayarwa ba. Wasan zango huɗu ne na minti goma goma, kuma ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta yi jifa ko ta rasa ƙwallon. A idona na malama, yaran ba su fi wasu da na koyar tsawo ko gudu ba, har ma ina da biyu da za su tsere wa kowace a cikinsu. Inda suka yi mana nisa shi ne miƙa ƙwallo da sanin wurin tsayawa, da kuma jifar kyauta da ake ba wadda aka yi wa keta, wadda mu muke zubarwa kamar ba maki ba ce. Babu wadda ta yi wa alƙalin wasa tsawa. Wannan aikin mai hular lemo ne, kuma ya yi shi da gaske, har matarsa ta riƙa jan rigarsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ce wa dattijuwar la'asar na neman kuɓuce mini, domin rana na faɗuwa tun ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kai ni wani lungu mai tsabta, ta shimfiɗa mini mayafin wuyanta, ta tsaya ta juya baya tana gadi har na sallame. A hanyar komawa ta tambaye ni ko ɗalibaina na wasa da lulluɓi, na ce mata eh, da dogon wando, kuma hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai tun 2017. Na ƙara mata da cewa D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma ita ce ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a Paris a 2024, ƙarƙashin Koci Rena Wakama. Mai hular lemo ya san labarin Paris, ya ce ya kalli yadda muka doke Ostareliya. Sai ya tambaye ni 'yan wasa nawa ne a cikinsu suka fito daga yankinmu na arewa, ni kuwa na mayar da hankalina kan gugguruna.

Bayan an tashi 'yan wasan suka fito suna gaisawa da jama'a, ƙananan yara mata suka cika filin suna jifa da ƙwallon da ta fi kansu girma. A mota aka ci gaba da musu, wannan karon a kan Jami'ar Calvin, abokiyar hamayyarsu da ke Grand Rapids, tafiyar kilomita 50 ko ƙasa da haka. Gabar tasu ta samo asali ne tun rabuwar cocinsu gida biyu a 1857, kuma dattijuwar ta gaya mini a asirce cewa surukarta can ta yi karatu, amma dai yarinyar kirki ce. Asabar ta gaba teburin ya ragu da mutum biyu, domin ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar, ranar da ko ƙwallo ba ta isa ta hana wasu shiga daji ba.

Mun je Grand Rapids na ga harabar Calvin daga cikin mota, ban gaya wa kowa a teburin cewa ta burge ni ba. Mun kwana biyu a Dearborn, garin da ke da Musulmi da yawa, inda na ci naman halal har na gaji, na yi sallar Juma'a a babban masallacinsu. Dawowa ba ta da labari, in ban da jakata da ta yi nauyi saboda ragar kwando huɗu da usur biyu da dattijuwar ta cusa mini, da kuma hular lemo da tsohon ya cire daga kansa ya ce in ba wadda ta fi iya jifar kyauta. Ranar Laraba za mu yi gwajin, jifa ashirin ashirin, kuma na ba kowace yarinya takarda ta kai gida cewa ana gayyatar iyayenta mata. Zuwa jiya uku ne suka amsa za su zo.