Ja ba wuya, tsayawa ce aikin

Duk wanda ya yi aiki a garejin da ake kula da motocin zango, manyan motocin nan masu gado da madafi da banɗaki a ciki, ya san tambayar da mai mota yake fara yi idan yana son ɗaura ƙaramar motarsa ko tirela a baya: "Za ta ja?" Amsar kusan kullum e ce. Injin dizal mai lita 2.3 zai ja abin da ya fi ƙarfin birkinsa nesa ba kusa ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko za ta tsaya. Yanzu da na bar aikin, ita nake son bar wa waɗanda suka rage, musamman yaran da ake tura su ɗaura ƙugiya alhali ba wanda ya taɓa nuna musu farantin nauyi, wato alamar da aka rubuta iyakar nauyin motar a kai.

Akwai motar da ta fita daga garejinmu da ƙaramar mota otomatik a bayanta, tayoyi huɗu a ƙasa, ba birkin taimako mai taka birkin ƙaramar, ba a kuma bi ta kan sikeli ba. An faɗa wa manaja, ya ce kwastoma na sauri, injin kuma zai ja. A kan babbar motar ɗauko ta dawo. Fayafayan birkin gaba sun koma shuɗi don zafi, man birki ya tafasa a wata doguwar gangara, giyabos ɗin ƙaramar motar kuma ya ƙone, mansa ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. A rahoton da aka rubuta, laifin makaniki ne, wai bai duba birki ba. Birkin nan lafiyarsa ƙalau ranar da motar ta fita. An ɗora masa aikin da ba nasa ba ne, kuma wanda ya ɗora masa har yau yana kan kujerarsa. Daga ranar na daina yarda da umarnin baki a kan maganar nauyi. Ka rubuta abin da sikeli ya nuna, ka rubuta iyakar da ke kan faranti, wanda ya ce a fita ya sa hannu, kai kuma ka ajiye kwafinka.

Farantin yana jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. A motocin Turai lambobi huɗu ne a jere: iyakar nauyin motar da duk kayanta, iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja, sai iyakar aksil na gaba, sai na baya. A Amurka ana rubuta su GVWR da GCWR da GAWR. Idan ka ga faranti biyu, na kamfanin da ya ƙera shasi da na wanda ya gina ɗakin a kai, na ƙarshen shi ne abin bi. A ce an rubuta 3,500 da 5,500 da 1,850 da 2,000. Abin da za ka iya ja ba wai kilo 2,000 ba ne kai tsaye. Sai ka dubi abin da aka buga a jikin ƙarfen ja ɗin kansa, da abin da littafin motar ya yarda, da abin da ya rage bayan ka cire ainihin nauyin motar daga 5,500. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka, ko da sauran sun ba ka fili.

Ainihin nauyin kuwa ba a takardar talla yake ba. Nauyin da kamfanonin Turai ke bugawa ya haɗa direba mai kilo 75 da tankin mai cike kashi 90, kuma doka ta yarda ya kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. A motar da aka ce kilo 3,050 ce, kashi 5 ɗin nan ya haura kilo 150. Ko ma an yi sa'a lambar ta yi daidai, kilo 450 ne suka rage maka kafin 3,500. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce. Tukunyar gas mai kilo 11, idan aka haɗa da ƙarfenta, ta wuce kilo 20, kuma biyu ake ɗauka. Fasinja uku sun cinye 225. Abin da ya saura bai kai kilo 85 ba, kuma a cikinsa ne za a sa rumfar gefe, batir na biyu, faifan sola, kekuna, tukwane, tufafi da ƙarfen ja ɗin kansa. Shi ya sa motoci da yawa sun riga sun yi oba lodi tun ba a ɗaura musu komai a baya ba. Kuma a ƙasashen Tarayyar Turai 3,500 ɗin nan ita ce iyakar lasisi ajin B, wanda ya wuce ta sai C1, mai kaiwa 7,500.

Don haka sai sikelin manyan motoci, da motar a cike kamar ranar tafiya: mutane a kujerunsu, tankin mai a cike, ruwa gwargwadon yadda za a tafi da shi. A hau da tayoyin gaba kawai a rubuta, a hau gaba ɗaya a rubuta, a bar na baya kawai a rubuta. Aksil na baya ne yake fara wuce iyaka, sau da yawa jimillar ma ba ta kai ba.

Dalilin kuwa doguwar wutsiyar motar ce. Abin da ka ɗora a bayan aksil na baya yana danna shi da fiye da nauyinsa, kamar yadda ake ɗaga dutse da dogon ƙarfe. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne, daga tayar baya zuwa ƙwallon da ƙugiyar tirela ke kamawa kuma mita 2. Kilo 100 a kan ƙwallon zai zama 150 a kan aksil na baya, ya kuma ɗauke 50 daga na gaba. Lissafin shi ne ka haɗa 4 da 2, ka raba da 4, ka ninka da nauyin. Yawancin motocin zango na Turai a kan shasin Fiat Ducato aka gina su, shi kuma da tayoyin gaba yake ja. Gaban ya yi sauƙi, sitiyari ya fara yawo, taya ta dinga sulɓi a hawa mai laima. Duk da haka ba a rage nauyin hancin tirela don a gyara wannan, domin tirelar da hancinta ya yi sauƙi ita ce mai kaɗa wutsiya. A Turai ana neman kusan kashi 5 zuwa 7 na nauyin tirelar a kan ƙwallo, a Amurka kashi 10 zuwa 15 saboda ƙirar tirelolinsu daban ce, kuma a duka biyun kada ya wuce abin da ƙarfen ja ya yarda. Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da aksil ɗin tirela, ɗan gaba da shi kaɗan.

Hanya uku ake jan ƙaramar mota: a ɗora ta gaba ɗaya a kan tirela, ko a ɗaga tayoyin gabanta a kan ƙaramin amalanke mai taya biyu, ko a ja ta da sandar ja tayoyi huɗu a ƙasa. Ta ukun ce mutane suka fi so, ita ce kuma ta fi ɓata giyabos. A yawancin motoci otomatik injin ne ke juya famfon man giya. Injin a kashe, tayoyi suna juya ƙarafan ciki, mai ba ya zagayawa, sai zafi da gugar ƙarfe da ƙarfe. Sa giya a firi ba ya hana wannan. Littafin ƙaramar motar ne kaɗai zai gaya maka ko an yarda a ja ta haka, da iyakar gudu, da nisan da za a yi kafin a tsaya a tayar da injin. Motar da littafinta bai faɗa ba, a hau da ita tirela, ko mai ita zai ji haushi. Wadda aka yarda a ja, a tabbata sitiyarinta ba a kulle yake ba, hambirki a sake, a kula sosai da na lantarki mai kama kansa. Sandar ja ta kwanta kusan miƙe: bambancin tsayi tsakanin motocin biyu kada ya wuce santimita 7 zuwa 8, in ba haka ba a birki mai ƙarfi ƙaramar tana iya hawa bayan babbar ko ta kutsa ƙarƙashinta. Kuma ba a yin ribas da ita ko na taku ɗaya, tayoyin gabanta za su karkace su lanƙwasa sandar. Idan hanya ta toshe, a kwance ta.

Sai birki, inda maganar take. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma a Birtaniya motar da ake ja da sanda tirela ake ɗaukarta. A Amurka kowace jiha da iyakarta. Ni ban damu da inda doka ta tsaya ba: ƙaramar mota mai kilo 1,400 a bayan mai 3,500 ƙarin kashi 40 ne a kan birkin da ba a ƙera shi don haka ba. Na'urar birkin taimako ita ke taka birkin ƙaramar motar lokacin da ka taka naka. A daidaita ta da sanin cewa injin a kashe yake, iskar da ke sauƙaƙa taka birki tana ƙarewa bayan taku biyu ko uku. A haɗa igiyar tsinkewa da jikin babbar motar, ba da sandar ja ba, don idan sandar ta cire igiyar ta fizge ta kama birki. A ja waya ta caji zuwa batirin ƙaramar motar, domin batirin da ya mutu a hanya ya tafi da birkin taimako.

Man birki yana tsotsar danshi. Mai ajin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Idan ya tafasa tururi ke cika bututu, ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A canza shi duk shekara biyu ko da motar a ajiye take. A gangara a sauka da giyar da aka hau da ita, a bar injin ya riƙe. Idan gudu ya ƙaru a taka da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki ya huce, maimakon ɗora ƙafa a kai har ƙasan dutse. Daga gudun kilomita 80 zuwa 100 zafin da birki zai haɗiye yana ƙaruwa da fiye da rabi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ɗaurin ƙugiya mutum ɗaya ne zai yi shi daga farko har ƙarshe, ba mai yi masa magana. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 kuma 50.8, akwai ma mai 47.6. A ido duk ɗaya suke, amma ƙugiya babba a kan ƙaramin ƙwallo tana ficewa a rami na farko. Bayan an kulle, a ɗaga hancin tirelar da jak ɗinta, idan bayan motar ya ɗago tare da ita to ta kama. Sarƙoƙin tsaro a gicciye su a ƙarƙashi don su tare hancin idan ya faɗi. A gwada fitilar birki da sigina da ta dare ɗaya bayan ɗaya. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya, a zagaya, a taɓa notocin taya, a kai bayan hannu kusa da kowace taya a ji zafi. Idan tirela ta fara kaɗawa a hanya, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari miƙe, kada a danna birki da ƙarfi, kada kuma a ce za a ƙara wuta don ta miƙe.

Sauran darussan gajeru ne. Tayar motar zango tsufa ke kashe ta kafin ta cinye: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya makon da aka ƙera ta ne da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma daga shekara biyar a dinga duba tsagewa a gefenta. A auna iska da taya a sanyi, bisa nauyin da sikeli ya nuna. Ruwa ke cin bangon ɗaki daga ciki, don haka a hau rufi a duba gam ɗin kewayen tagogin sama sau biyu a shekara, idan ma'aunin danshi ya wuce kashi 20 a nemo inda yake shiga. Batirin dalma kada ya sauka ƙasa da rabi, wajen bolt 12.1, na litiyam kuma ba a yi masa caji a sanyin da ya kai ƙasa da sifili. Firjin da ke aiki da gas yana son mota a daidaice, idan ya daɗe a karkace bututunsa na toshewa. Gas ya fi iska nauyi, kada a toshe hujin da ke ƙasan akwatin tukunya, a nemi yoyo da ruwan sabulu, a kuma sa na'urar gano hayaƙin guba kusa da gado. A fara zubar da tankin bayan gida, sannan na ruwan wanke-wanke ya wanke tiyo. Tsayin motar kuma a auna shi da tef har kan na'urar sanyi ta rufi, a rubuta a manna inda idon direba zai gani kafin gada.