Madogarar da na nema kwana biyu ban samu ba

Daren Laraba ne, wuta ta ɗauke a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maradi, ina zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, ina gyaran maƙalar da muka rubuta da wani ɗalibina kan gawo da amfanin gero. Da Faransanci muka yi karatu, amma mujallar da muke hari Turanci take so, shi ya sa na ce wa yaron ya yi amfani da ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya gyara harshen. Ba na jin kunyar faɗin haka. Kuɗin da masu gyaran Turanci na ƙasashen waje suke karɓa ya fi ƙarfin aljihun malami a nan, ga CAMES kuma, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, tana jiran maƙalu kafin ta duba maganar ƙarin girma.

Turancin ya fito sumul. Sai dai a shafi na uku na ci karo da wata madogara a wurin da muke bayanin sassaben zamani, wato barin kututturen itatuwa su sake tohowa a gona ana kula da su, aikin da Tony Rinaudo ya fara da manoman yankin Maradi a 1983. Ga sunayen marubuta uku, ga shekara, ga sunan mujalla, har da lambar shafi. Ban san ta ba, alhali shekara da shekaru ina karatu a fannin nan. Kwana biyu ina nemanta a intanet, ko ƙurarta ban gani ba.

Na kira shi. "Kai, ina ka samo wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, na ce mata ta ƙarfafa sakin layin ne, sai ta sa."

Ban yi masa faɗa sosai ba, domin da wuta ba ta ɗauke ba, da ban karanta a tsanake haka ba, da tuni na tura. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma wani ne. Inda muka rubuta cewa mai yiwuwa gawo ne ya ƙara amfanin gonakin da muka auna, manhajar ta share "mai yiwuwa", ta mayar da shi tabbas. Gona nawa muka auna da za mu yi irin wannan bugun ƙirji?

Tun watan Janairun 2023, wata biyu bayan fitowar ChatGPT, mujallun Nature da Science suka ce ba za a sa shi cikin jerin marubuta ba, kuma hujjar a fili take: inji ba ya amsa tambaya idan aka kama ƙarya. Nature ta ƙara da cewa wanda ya yi amfani da shi ya bayyana. A Fabrairun 2024 wata mujallar Frontiers ta janye maƙalar da ta fito da zanen ɓera da manhajar ƙirƙirar hotuna ta Midjourney ta yi, mai rubutun da ba ya karantuwa, bayan ta wuce hannun masu tacewa.

Mun zauna da yaron ranar Asabar, ana zuba shayi, muka bi madogarai ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba mu buɗe da idonmu ba muka cire. Muka mayar da "mai yiwuwa" wurinta. A ƙarshen maƙalar muka rubuta layi biyu, sunan manhajar da abin da ta yi mana, wato gyaran harshe. Ya tambaye ni ko editan ba zai raina mu ba saboda wannan layin. Na ce ya danna ya tura, har yanzu muna jiran amsa.