Baftisma a gadon asibiti

Jariri yana numfashi sama-sama, fada, wato limamin cocin Katolika, bai iso ba. A Katolika, duk wanda ke kusa zai iya yi masa baftisma: ya zuba ruwa zalla a goshinsa sau uku, yana cewa "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Kuskure yakan zo a lafazi. A 2020 Vatican ta ce "muna yi maka" bai inganta ba, sai an sake. Hujjar Katolika kan wannan gaggawar ita ce Yohanna 3:5, inda Yesu ya ce sai an haifi mutum ta ruwa da Ruhu zai shiga Mulkin Allah.

'Yan cocin ECWA da na Baptist kuwa ba sa wannan gaggawar. A wurinsu ceto ta bangaskiya ne, baftisma shaida ce a gaban jama'a, sai mutum ya yi wayo a nutsar da shi cikin ruwa. Sukan kawo misalin ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, Luka 23:43, wanda Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi ko da yake ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.