Abin da cunkoson haɗi a sabar kwafi ya koya mini

Yanzu da na miƙa takardar barin aiki, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa game da sabar kwafi ta PostgreSQL (manhajar rumbun adana bayanai), wato sabar da ke riƙe da kwafin bayanan babbar sabar, wadda sashen rahoto ke karanta bayanai daga gare ta. Duk wanda ya yi aikin dare a lokacin ya san yadda haɗe-haɗe ke taruwa a kanta har su cika, ta fara korar kowa, alhali babbar sabar lafiya lau take.

Shugaban sashenmu ya yanke hukunci tun kafin a bincika, ya ce manhajarmu ce ba ta rufe haɗi idan ta gama. Ya sa aka ɗaga max_connections, wato iyakar yawan haɗin da sabar ke karɓa, daga 100 da aka saba, aka sake kunna sabar, cunkoson ya ɗan jinkirta sannan ya dawo, kuma tun da kowane haɗi a PostgreSQL aiki ne mai cin nasa ƙwaƙwalwar, sai nauyin ya ƙaru.

Da na duba pg_stat_activity da pg_locks, waɗanda ke nuna abin da kowane haɗi ke yi da kullen da yake riƙe ko jira, na tarar haɗe-haɗen ba zaman banza suke ba, kulle suke jira. Idan vacuum, wato aikin share tebura, ya datse shafukan da babu komai a ƙarshen tebur a babbar sabar, yakan ɗauki kullen da ke hana kowa taɓa teburin, kuma wannan kullen yana bin WAL, wato jerin canje-canjen da babbar sabar ke aikawa, zuwa kwafi. A can kuwa wani dogon rahoto yana riƙe da teburin. A ƙa'ida, kwafin yakan jira daƙiƙa 30 ya soke tambayar (buƙatar karanta bayanai) da ta tare hanya, amma an mayar da max_standby_streaming_delay, saitin wannan jiran, zuwa -1, wato jira ba iyaka, don haka duk sabuwar tambaya sai ta bi layi a bayan kullen. Shugaban da kansa ne ya ba da umarnin wannan canji, don kada a katse masa rahoton ƙarshen wata.

Na kai masa hujjar ofishinsa. Ya ce a gyara, kuma kada a tsawaita magana.

Sauran darussan ba su da yawa: a sa PgBouncer (mai tattara haɗe-haɗe) a gaban sabar, a sa statement_timeout (iyakar lokacin kowace tambaya), a ware wa dogayen rahotanni kwafinsu daban, a kashe vacuum_truncate (datse shafukan nan) a manyan tebura, tun da sigar 12 ta PostgreSQL ta ba da dama. Rahoton da ya je wa hukumar gudanarwa dai har yau yana cewa manhajarmu ce ta jawo matsalar, kuma ba a gyara shi ba.