Zamfara ba ta buƙatar 'yan bangar siyasa

A 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, sannan a 2023 masu zaɓe suka kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle, suka zaɓi Dauda Lawal. Sau biyu ke nan mulki ya sauya hannu ta hanyar shari'a da akwatin zaɓe. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga an raba wa matasa adduna da ƙwaya lokacin kamfen, a jihar da 'yan bindiga suka riga suka hana manoma zuwa gona. Da zarar an fara jifa a rumfar zaɓe, mata da dattawa ne suke fara komawa gida ba tare da sun kaɗa ƙuri'a ba.